Jar Kwat da Ƙofar Kulob: Tarihin Tufafi da Ladabi a Wasan Golf

Wasan golf ba wasanmu ba ne, kuma da yawa daga cikinmu a talabijin kaɗai muka taɓa ganinsa. Fili ne mai ciyawa shar kamar damina ba ta ƙarewa a wurin, ga mutum cikin riga mai kwala ya tsaya ya daɗe yana auna wata ƴar farar ƙwallo, ga dubban ƴan kallo sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Nufin wasan ba shi da wuyar faɗi. A bugi ƙwallo da sanda daga nesa har ta faɗa cikin rami, rami bayan rami har 18, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne ƙa'idojin da suka dabaibaye wasan tun daga bakin ƙofa: ba a shiga da wandon jin, riga sai mai kwala kuma a cusa ta cikin wando, a wasu wuraren gajeren wando sai da doguwar safa, cin abinci a babban zaure kuwa sai da kwat da karabat. Littafin dokokin wasan, wanda aka sake wa fasali a 2019 aka kuma yi wa ƙari a 2023, dokoki 25 ya ƙunsa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ta wajabta kwala ko ta haramta jin. Waɗannan duk dokokin kulob ne, kuma suna da nasu tarihin dabam da na ƙwallo da sanda.

Asalin wasan a hannun talakawan Sikotlan yake. A gabar gabashin ƙasar akwai wata irin jigawa da ke tsakanin gonaki da teku, ƙasa mai rairayi da gajeriyar ciyawa, wadda ba ta noma. Ta gari ce baki ɗaya: tumaki na kiwo, zomaye na haƙa ramu, mata na shanyar wanki, sojoji na atisaye, a tsakaninsu kuma wasu na bugun ƙwallo. Farkon ambaton wasan a rubuce ma hani ne. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, domin samari sun bar koyon harbin baka alhali Ingila na daf da su. An maimaita hanin a 1471 da 1491, wanda ya nuna ba a ji ba. A 1502 kuwa sai ga Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sanduna daga wani maƙerin baka a garin Perth. A St Andrews, wata takarda ta 1552 ta tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na wasa a jigawarsu, kuma har yau tsohon filin nan, wanda ake ɗauka a matsayin alƙiblar masu wasan, mallakar jama'a ne. Ran Lahadi ana rufe shi ga masu sanda, sai dai in wata babbar gasa ta faɗo, mutanen gari su fito da ƴaƴansu da karnukansu su sha iska a kai.

Kulob ya zo daga baya. A 1744 wasu manyan birnin Edinbara da ke wasa a jigawar Leith suka roƙi majalisar gari ta ba su kyautar da za su riƙa gasa a kanta duk shekara. Aka ba su sandar azurfa, su kuma suka rubuta dokoki 13, waɗanda su ne mafi tsufa da aka sani. Wanda ya karanta su zai ga irin filin da ake magana a kai, domin ɗaya daga ciki ta tanadi abin da za a yi idan mutum ko doki ko kare ya tare ƙwallo: a buga ta daga inda ta tsaya. Wani likitan fiɗa, John Rattray, shi ya ci gasar farko ya zama kyaftin, shi ne kuma ya sa hannu a takardar. Shekara guda bayan haka ya bi rundunar tawayen Yarima Charles Stuart a matsayin likita, aka kama shi bayan an ci su yaƙi a 1746, kuma abin da ya cece shi shi ne sa bakin abokin wasansa Duncan Forbes, babban alƙalin Sikotlan, wanda ke ɓangaren gwamnati. Tun daga farko ke nan kulob ya nuna amfaninsa na gaskiya: wuri ne da manya ke sanin juna, sanin da kan yi rana. Shekaru goma bayan Leith, a 1754, masu sarauta da masu hali 22 suka kafa nasu a St Andrews, wanda Sarki William na Huɗu ya ba laƙabin Royal and Ancient a 1834.

Waɗannan ƙungiyoyi su suka kawo rigar ƙungiya, galibi jar kwat mai maɓallai masu sheƙi, ɗinkin da ya yi kama da na hafsoshin soja na zamanin. Dalili biyu ne suka haɗu a cikinta. Na farko tsaro: a filin da kowa ke ratsawa, ƙwallo mai tauri na iya fasa kan mai wucewa, don haka a hango ja daga nesa a kauce. Na biyu matsayi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Damagaram ko ta Katsinar Maraɗi ya san aikin da jar riga ke yi a jikin dogari. Kafin ya buɗe baki, rigar ta riga ta faɗi wanda ya aiko shi. Haka jar kwat ta raba mai kulob da masaƙi ko masuncin da ke bugun tasa ƙwallon a gefe guda na jigawar. Wanda ya fito wasa ba da rigar ba akan ci shi tara, kuma tarar giya ce, wadda za a shanye tare a liyafar da ke biyo bayan wasa. Littattafan ƙungiyar Leith sun adana labarin wani hafsan soja da aka ci tarar giya a 1776 saboda ya yi wasa sau biyar ba riga. Hukunci ne na raha tsakanin tsara, domin a lokacin ba a bukatar doka don a hana talaka shiga. Tsadar ƙwallo ta isa. Da fata ake ɗinka ta, a cusa mata dafaffen gashin dinya cike da doguwar malafa, gwani ba ya wuce uku ko huɗu a yini, kuma takan lalace idan ta jiƙe.

A 1848 aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya, mai araha da ƙarko. Jirgin ƙasa ya kai mutane bakin teku, wasan ya bazu Ingila da duk inda tutarta ta kafu. A Kalkata ta Indiya ma tun 1829 akwai kulob. A ganina a nan ne dokar tufafi ta canza aiki. Da wasan ya yi araha, sai shingen ya tashi daga farashin ƙwallo ya koma ƙofar gidan kulob. Mai son shiga sai wani ɗan kulob ya gabatar da shi, wani ya mara masa baya, sannan a jefa ƙuri'a a asirce da ƴan ƙwallaye farare da baƙaƙe cikin akwati. Baƙi kaɗan sun isa su rufe masa ƙofa, ba tare da ya san wanda ya jefa ba.

Waɗanda suka fi kowa iya wasan kuwa suna waje. Su ne ƴan dakon sanduna da maƙeran ƙwallo da masu gyaran fili, irin su Allan Robertson da Tom Morris babba, waɗanda manya ke caca a kansu amma ba sa zama da su a tebur. Gasar nan da ta fi kowace tsufa, ta Open, an fara ta a Prestwick a 1860 da mutum takwas daga cikin irin waɗannan, kuma an haɗa su da masu kulob da za su riƙa bin su suna ƙirga bugu. Willie Park ya ci. Kyautar ɗamara ce ta jar fata mai ado da azurfa, irin fatar da kasuwannin Turai ke kira fatar Maroko. Mai karatu na Maraɗi zai yi murmushi a nan, domin kaso mai yawa na fatar da ake sayarwa da wannan suna jemammiyar fatar akuya ce daga Kano da Sakkwato, wadda ayari ke ƙetarawa da ita Sahara, sunan tashar ƙarshe ya danne na majema. Tom Morris ƙarami ya ci ɗamarar sau uku a jere, daga 1868 zuwa 1870, ta zama tasa. Abin da ya maye gurbinta, wanda ake bayarwa har yau, butar azurfa ce ta zuba giyar inabi, wato kayan teburin da ba a yarda masu cin gasar su zauna a kai ba.

Wannan hali ya kai har ƙarni na 20. A gasar Open ta 1920 a garin Deal, an hana Ba'amurke Walter Hagen shiga gidan kulob ya canza tufafi, saboda shi da wasan yake cin abinci. Sai ya yi hayar wata ƙasaitacciyar mota da direba, ya sa aka girke ta a gaban ƙofa, a ciki yake canza takalmi, a ciki yake cin abinci, masu kulob na kallo ta taga. Hagen ya fi yawancinsu iya ado, kuma da gangan yake yi. A 1923 a Troon, da aka gayyace shi ciki don bikin ba da kyauta kawai, ya ƙi, ya ja ƴan kallo zuwa mashayar gari. A Amurka an riga an fara sassautawa: a gasar 1920 kulob ɗin Inverness na birnin Toledo ya buɗe wa ƙwararru ƙofa, su kuma suka yi karo-karo suka saya masa babban agogo don godiya.

Labarin mata ya fi wannan tsawo. Suna cikin wasan tun da wuri. Maƙiyan Sarauniya Mary ta Sikotlan sun zarge ta da yin wasan kwanaki kaɗan bayan kashe mijinta a 1567, matan masunta na Musselburgh kuma an shirya musu gasa a 1811, kyautar farko kwandon kifi. Amma da kulob ya ƙarfafa sai aka ware musu ɗan fili a gefe, kamar wanda matan St Andrews suka samu a 1867. A 1890 wani alƙali, Lord Moncreiff, ya rubuta cewa bai kamata bugun mace ya wuce kamar mita 70 ba, hujjarsa kuwa ita ce cikakken bugu ba ya yi wa mai tufafin mata kyau. A lura da yadda hujjar ta zagaya. An ɗora wa mace doguwar riga mai share ƙasa da ɗamara mai matse haƙarƙari da faffaɗar malafa, sannan aka ce tufafin ba su dace da wasan ba, don haka a rage mata wasan. Matan suka yi dabara da wani zobe na roba da suke saukarwa daga ƙugu zuwa gwiwa don kada iska ta ɗaga siket lokacin bugu. Suka kafa ƙungiyarsu a 1893. A 1933, a gasar matan Ingila a Westward Ho!, wata mai suna Gloria Minoprio ta fito cikin wando, da sanda guda ɗaya tak. An fitar da ita a zagayen farko, amma ƙungiyar matan da kanta ta fitar da sanarwar nuna takaici kan wannan saɓa wa al'ada. Kayan nata yanzu suna gidan tarihin golf a St Andrews, kusa da ginin kulob ɗin da bai karɓi mace ba sai bayan shekara 81.

A Amurka rigar ƙungiya ta sami sabon launi. Bobby Jones da Clifford Roberts suka kafa Augusta National a jihar Jojiya, aka fara gasar Masters a 1934. A 1937 ƴan kulob suka fara sa koriyar kwat don baƙi su gane wanda za su tambaya, daga 1949 kuma aka fara sa wa wanda ya ci gasa, Sam Snead ne na farko. Yakan tafi da ita gida shekara guda, sannan ya mayar a ajiye masa a kulob. Akwai wata riga ta biyu a filin, wadda ba a cika yi wa waƙa ba: farar rigar aiki mai haɗe da wando da koriyar hula, ta ƴan dako. Shekara da shekaru duk mai koriyar kwat fari ne, duk mai farar riga baƙi ne daga unguwannin talakawan garin, kuma sai a 1983 aka yarda ɗan wasa ya zo da nasa ɗan dakon. Ƙungiyar ƙwararrun ƴan wasan Amurka ta rubuta a tsarin mulkinta daga 1934 zuwa 1961 cewa farar fata kaɗai ke shiga. Lee Elder ne baƙi na farko da ya buga Masters, a 1975; kulob ɗin bai karɓi baƙi a matsayin ɗan ƙungiya ba sai 1990; Tiger Woods ya sa koriyar kwat a 1997. Mata kuwa sai 2012, Condoleezza Rice da Darla Moore, bayan kulob ɗin ya gwammace a nuna gasar 2003 da ta 2004 ba tare da talla ba da ya sunkuya wa masu matsa masa lamba. A Afirka ta Kudu abin ya fi fitowa fili. Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya, tsohon ɗan dako wanda bai yi makaranta ba, ya ci gasar Natal a 1963, ya sake ci a 1965 inda ya kayar da Gary Player. Hoton da ya zaga duniya shi ne nasa yana karɓar kofi a waje cikin ruwan sama a Durban, domin dokar wariya ta hana shi shiga zaure.

Wasan ya iso ƙasar Hausa a cikin kayan Ingilishi. Turawan haƙar kuza sun buɗe fili a Rayfield kusa da Jos a 1913, Kaduna da Kano ma suka sami nasu a unguwannin Turawa. Inda ciyawa ba ta jure rani, sai a daɓe kewayen rami da rairayi gauraye da baƙin mai, a share shi da tsumma ko buhu kafin a buga. Ɗan ƙasa yana shiga irin waɗannan wurare a matsayin ɗan dako ko kuku ko boyi, kuma daga cikin ƴan dakon ne ƙwararrun Najeriya na farko suka fito, kamar yadda aka yi a Sikotlan. Sarakuna ba su damu da shi ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da zuriyarsa polo suka runguma, domin wasa ne na doki, kuma basarake ba ya bin ƙwallo a ƙasa. A ɓangarenmu Faransawa ba su zo da wannan ɗabi'a ba, abin da suka bar mana shi ne ƴan ƙwallayen ƙarfen nan da ake jefawa a ƙarƙashin inuwa, wasan da ba ya tambayar kowa kwala. Filin Rio Bravo da aka yi a bakin kogi a wajen Yamai na rairayi ne, kuma galibi baƙi ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyi ne suka san shi.

Akwai ƙa'ida guda da ke nuna cewa ladabi ba harshe ɗaya yake yi ba. A gidan kulob dole namiji ya cire hula idan ya shiga, ya bar takalmi a ƙafa, muddin ba mai ƙusoshi ba ne. A wurinmu akasin haka ne: takalmi ake tuɓewa a ƙofar zaure, kai kuwa a rufe, domin shiga gaban manya ba hula rashin kunya ne. Dattijon da ya zo cikin babbar riga mai aska takwas da zanna bukar, wanda kuɗin ɗinkinsa ya ninka na kwat sau da yawa, bisa harafin irin wannan doka bai yi shiga ba. Haka kuma hanin wandon jin ba shi da alaƙa da bugu; asalinsa tufar leburori ce da masu haƙar ma'adinai, kuma wannan asalin ake ƙi. Rigar nan mai kwala da ake ɗauka yanzu a matsayin tsohuwar al'ada ma baƙuwa ce, daga wasan tanis aka aro ta, kamfanin René Lacoste ya fara yaɗa ta a 1933, lokacin da har yanzu da yawa ke wasa da karabat a wuya.

Ba duk al'adun kulob ne shinge ba, kuma rashin adalci ne a haɗa su a kwando ɗaya. Wasu an yi su ne don wanda ke biye da kai: ka mayar da ciyawar da sandarka ta tono, ka share sawunka a ramin rairayi, ka yi shiru idan abokin hamayya zai buga, ka yi ihun gargaɗi idan ƙwallonka ta nufi mutane. Mafi girma a cikinsu ita ce ɗan wasa shi ne alƙalin kansa. A gasar Amurka ta 1925 ƙwallon Bobby Jones ta ɗan motsa a cikin ciyawa lokacin da yake shirin bugu. Ba wanda ya gani, amma ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya na tara. Gasar ta ƙare kunnen doki, ya sha kashi a wasan raba gardama a hannun Willie Macfarlane. Da aka yabe shi sai ya nuna ɓacin rai, ya kwatanta abin da yabon mutum don bai yi fashi a banki ba. Wannan Jones ɗin shi ne kuma ya kafa Augusta da duk ƙofofinta, kuma bai ga saɓani tsakanin abubuwan biyu ba.

Ƙofofin sun buɗe a makare, kuma ba don zuciya ta yi laushi kawai ba. Royal and Ancient ya amince da shigar mata ranar 18 ga Satumba 2014, ranar da Sikotlan ke ƙuri'ar raba gardama kan ƴancin kai, da kashi 85 cikin 100. Magadan ƙungiyar Leith, waɗanda suka koma Muirfield tun 1891, sun yi tasu ƙuri'ar a 2016, aka sami kashi 64, ƙasa da biyu bisa uku da tsarinsu ke bukata. A ranar aka sanar da su cewa ba za a ƙara kai musu gasar Open ba. A watan Maris na 2017 suka sake zama, kashi 80 suka amince, mata 12 na farko suka shiga a 2019, shekara 275 bayan sa hannun Rattray. Tufafi ma sun sassauta: an yarda ƙwararru su sa gajeren wando a ranakun gwaji, a Turai daga 2016, a Amurka daga 2019. A watan Oktoba na 2020 Tyrrell Hatton ya ci babbar gasar Wentworth sanye da rigar sanyi mai hula, jaridun Ingila suka kwana biyu suna gardama a kai, wani kulob a arewacin ƙasar ya tunatar da mutanensa cewa shi dai bai yarda da irinta ba. A Muirfield baƙo na iya wasa da safe cikin kayan zamani, amma kafin ya zauna cin abincin rana sai ya sa kwat da karabat.

Jar kwat kuwa ba ta ɓace ba. Kyaftin na Royal and Ancient yana sa ta a bukukuwa, kuma duk Satumba sabon kyaftin kan buga ƙwallo guda daga farkon tsohon fili, a harba igwa, ƴan dako su yi tsere, wanda ya kawo ƙwallon a saye ta daga hannunsa da tsabar zinariya. A dandalin Wimbledon da ke Landan, inda ake wasa tun 1865 a ƙasar da ta kowa ce, masu kula da dandalin suna wajabta wa duk mai riƙe da sanda, ɗan kulob ne ko baƙon da ya biya kuɗin yini, ya sa jar riga, domin masu yawo da karnuka da mahaya dawaki su hango shi daga nesa.